Tsohon Gilashi ko Sabo: Zaɓin Idon Kyamara a Matsayin Salo a Fim

Tsakure

Nazarin fim a sassan Hausa na jami'o'i ya fi karkata ga jigo, zubi da tsari, waƙa da rawa, da tasirin baƙin al'adu. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne gilashin da ke gaban kyamara, alhali duk abin da mai kallo ya gani ta cikinsa ya biyo. Wannan maƙala ta dubi muhawarar da ke tsakanin masu ɗaukar hoto game da tsofaffin gilasai masu hali da sababbi waɗanda ake cewa ba su da karkata. An bayyana inda halin gilashi yake fitowa, an kawo finafinan da zaɓin ya yi tasiri a cikinsu, sannan an auna batun da hasken ƙasar Hausa da bukatun mai bincike.

Fitilun Kalmomi: Fim, Salo, Gilashin Kyamara, Haske, Kannywood

1.0 Gabatarwa

Idan manazarcin adabi ya ɗauki rubutacciyar waƙa, ba ya tsayawa ga abin da mawaƙi ya faɗa kawai. Yakan dubi karin da aka ɗora ta a kai, da amsa-amo, da kalmomin da aka zaɓa aka bar wasu. A fim ma akwai irin wannan mataki, sai dai ya fi ɓuya. Kafin hoton jarumi ya isa ga sensar kyamara, sai haske ya ratsa jerin gilasai da aka jera cikin bututu guda, kuma kowane jeri da yadda yake lanƙwasa haske. Wannan bututu shi ake nufi da gilashin kyamara ko idon kyamara a nan.

Tun da aka koma ɗaukar fim da na'urorin dijital, masu sana'ar suka rabu gida biyu, ko da yake da yawansu suna shiga gidajen duka. Wasu na neman gilasan da aka ƙera shekaru 50 ko 80 da suka wuce, saboda laushinsu da 'yan kurakuransu. Wasu kuwa sun fi son sababbi, masu fitar da abu tsaf kamar yadda yake. Muhawarar ta taso ne a Amurka da Turai, inda kamfanonin haya suke da rumbunan tsofaffin kaya, amma ta shafi duk inda ake ɗaukar fim, har da Kano da Kaduna da Jos.

2.0 Inda Halin Gilashi Yake Fitowa

Abin da ake kira halin gilashi, a asalinsa, aibi ne da maƙera suka kasa kawarwa a zamaninsu. A shekarar 1840 Joseph Petzval ya lissafa wani gilashi a birnin Biyana domin ɗaukar hoton fuska. Tsakiyarsa na da kaifi ƙwarai, amma gefensa yana dusashewa, abin da ke bayan mutum ya riƙa zama kamar yana juyawa. Petzval bai nemi wannan juyi ba. Iyakar abin da lissafi da gilashin lokacin suka ba shi ke nan. Waɗanda suka biyo baya, kamar H. Dennis Taylor mai gilashin Cooke na 1893 da Paul Rudolph wanda ya tsara Planar a 1896 da Tessar a 1902, duk aikinsu shi ne rage irin waɗannan aibobi.

Mafi girman abin da ya raba tsohon gilashi da sabo shi ne shafe. Duk inda haske ya fito daga iska ya shiga gilashi, ko ya fita daga gilashi ya koma iska, kimanin kashi 4 cikin 100 nasa yakan koma baya idan ba a shafa wa gilashin komai ba. Bututun da ke da irin waɗannan fuskoki takwas yana asarar kusan kashi 28 cikin 100 na hasken da ya shige shi. Hasken nan kuwa ba duka yake ɓacewa ba. Wani kaso yana ta kai da komo a cikin bututu, daga ƙarshe ya sauka a kan hoton kamar siririn mayafi. Shi ne ke sa baƙi ya daina zama baƙi wuluk, launuka su yi sanyi, fitila ko rana ta watsa tartsatsi a fuskar hoto. A 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss ya yi rajistar hanyar shafa wa gilashi wani siririn sinadari mai hana haske komawa, sannan a farkon shekarun 1970 aka yawaita shafe mai hawa-hawa. Daga nan ne aka samu damar cusa gilasai goma sha wani abu cikin bututu guda ba tare da hoton ya yi hazo ba.

Sauran alamomin sun haɗa da laushin hoto idan an buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, duhun kusurwoyi, lanƙwasar miƙaƙƙun layuka a gefe, da jan launi ko kore da ke bin bakin abu mai haske. Akwai kuma abin da masu sana'a ke kira numfashi, wato hoton ya ɗan faɗaɗa ko ya tsuke yayin da ake mayar da saiti daga wannan fuska zuwa waccan. Shekaru ma suna ƙara nasu. Wasu gilasan da aka haɗa da sinadarin toriyam, kamar Super-Takumar mai milimita 50 na kamfanin Asahi, sukan rine su koma rawaya da tsufa, har sai an shanya su a hasken rana ko fitila ta musamman kafin su washe.

Tarihin sana'ar ya nuna cewa bukata ce ke haifar da gilashi. Da fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, fitilun da ake amfani da su a da suna ƙara, makirfo na ɗauka, sai aka koma ga wasu marasa ƙara amma masu raunin haske. Wannan ya sa aka bukaci gilashi mai faɗin ƙofa, kuma Cooke Speed Panchro, wanda Horace Lee ya tsara a Ingila, ya cike gurbin. A zamaninsa shi ne sabo, shi ne mai kaifi. Yau shi ake nema saboda laushi.

3.0 Dalilin Komawa ga Tsoho

Zaren fim na da ƙwayoyi, kuma ƙwayoyin nan suna tausasa hoto da kansu. Sensar dijital ba ta da wannan. Da kyamarori irin su ARRI Alexa, wadda ta fito a 2010, suka mamaye sana'ar, sai aka ga cewa haɗa sensa mai kaifi da gilashi mai kaifi yana tona duk ƙurji da kwalliyar da ke fuskar ɗan wasa, yana kuma sa ɗakin da aka gina don fim ya fito a matsayin ginin katako da fenti. Bugu da ƙari, a da mai ɗaukar hoto yana da zaɓin zaren Kodak ko na Fuji, mai saurin kama haske ko mai jinkiri, da hanyoyin wanki daban-daban. Da kowa ya koma kan 'yan sensoshi kaɗan, sai gilashi ya zama wurin da ya rage na nuna bambanci.

Misalan suna da yawa, kuma ba manufa ɗaya suke bi ba. Tun kafin zamanin dijital, Janusz Kamiński ya sa an kankare shafen wasu gilasai domin fim ɗin Saving Private Ryan na 1998, saboda hoton ya yi kama da na masu ɗauko labarai a Yaƙin Duniya na Biyu. A The Hateful Eight na 2015, Robert Richardson ya tono gilasan Ultra Panavision 70 waɗanda rabon da a yi fim da su tun Khartoum na 1966. Jarin Blaschke ya ɗauki The Lighthouse na 2019 a zaren fim mai baƙi da fari da gilasan Baltar na shekarun 1930, domin labarin ya faru ne a shekarun 1890. Greig Fraser kuwa ya saka tsofaffin gilasan Tarayyar Sobiyat a wasu fitowa na The Batman na 2022, cikinsu har da Helios-44, wanda aka ƙera miliyoyinsa domin kyamarar Zenit ta talakawa. Kasuwa ta bi sahu: a 2017 kamfanin Cooke ya sake fito da Panchro cikin sabon bututu, wato ya koma ƙera aibin da ya shafe shekaru yana gudu.

A ɗaya gefen akwai Roger Deakins, wanda aka sani da ƙin tartsatsin haske da duk abin da zai tunatar da mai kallo cewa akwai gilashi tsakaninsa da labari. Ya ɗauki Blade Runner 2049 na 2017 da Master Prime, sannan 1917 na 2019 da Signature Prime, kuma finafinan biyu sun kawo masa lambar Oscar. Babu wanda zai ce hotunansa ba su da hali. Halinsu daga fitila da inuwa da tsayuwar kyamara yake fitowa. Shi ɗin ma, da labari ya nema, ya sa an haɗa masa gilasai masu dusashe gefe domin wasu fitowa a The Assassination of Jesse James by the Coward Robert Ford na 2007. Ke nan rabuwar ba ta aƙida ba ce kamar yadda masu talla ke nunawa.

4.0 Shin Akwai Gilashi Marar Karkata?

Masanin harshe ba zai sha wahalar gane wannan tambaya ba. Ana kiran Daidaitacciyar Hausa da sunan da ke nuna ba ta kowa ba ce, alhali an san ta fi jingina ga Kananci, kuma zaɓi ne da hukumomi da tarurruka suka yi. Basakkwace ko Ba'are yana jin karkatar da Bakano ba ya ji. Haka gilashin zamani yake. Injiniyoyi ne suka zauna suka yanke abin da za a ɗauka a matsayin daidai: yawan kaifi, zurfin baƙi, ɗumi ko sanyin launi. Idon ɗan Adam kansa ba ya gani da kaifi ɗaya daga gefe zuwa gefe, tsakiya kawai yake tantancewa. Saboda haka hoton da ya yi kaifi har kusurwa ba kwafin gani ba ne, wani karin ne da aka ɗaukaka.

Tarihin hoto ya riga ya nuna haɗarin yarda da kalmar daidai ba bincike. Lorna Roth, a nazarinta na 2009, ta bayyana yadda kamfanin Kodak ya daɗe yana rarraba wa ɗakunan wanki katin gwaji mai hoton farar mace, wanda aka sani da katin Shirley, a matsayin ma'aunin launin fata. Duk fatar da ta yi nisa da wannan ma'auni sai ta fito a dushe. Matsalar ta zaren fim da wanki ce, ba ta gilashi ba, amma darasin ya shafe shi. Ba mamaki da Bradford Young, wanda ya ɗauki Mother of George na Andrew Dosunmu a 2013 da Selma a 2014, ya kasance cikin waɗanda suka fi damuwa da yadda gilashi ke fitar da baƙar fata, har ya shiga harkar ƙera gilasai da kansa.

Duk da haka, kwatancin da karin harshe yana da iyaka. Karin harshe cikakken tsari ne, ba ya rasa komai. Tsohon gilashi kuwa yana zubar da bayani da gaske. Abin da mayafin haske ya rufe a cikin inuwa ya tafi, babu kwamfutar da za ta dawo da shi. Hoton da aka ɗauka da gilashi mai tsabta ana iya tausasa shi daga baya, ko a ɗora wa kyamara matacin haske irin su Pro-Mist a cire idan an ga dama. Wanda aka ɗauka da laushi, da laushinsa zai zauna. Wasu daraktocin hoto saboda wannan dalilin ma suke son tsohon gilashi, domin furodusa ba zai iya sauya musu hoto a ɗakin gyara ba.

5.0 Batun a Ƙasar Hausa

Masana'antar finafinan Hausa ba ta bi ta hanyar da Hollywood ta bi ba. In ban da ayyuka kaɗan irin su Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, ta taso ne a kan kaset na bidiyo, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Kyamarorin bidiyo na wancan lokaci suna zuwa da gilashinsu a manne, ga ƙaramar sensa mai fitar da gaba da baya duka a sarari. Babu zaɓi, balle muhawara. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi bayanin yadda dusashewar hoto da ƙarar kaset da aka kwafa sau da yawa suka zama wani ɓangare na abin da mai kallo a Kano ya saba da shi. Zaɓin gilashi ya zama abin magana ne bayan fitowar kyamarori irin su Canon 5D Mark II a 2008, masu babbar sensa, waɗanda ake cire musu gilashi a sa wani.

Wannan tarihi yana da tasiri kan yadda za a karɓi hoto mai laushi. Ga mai kallo a Landan, laushi yana tuna masa zamanin sinima na da. Ga wanda ya shafe shekaru yana kallon kwafin kwafi, laushi na iya zama alamar ƙarancin kuɗi ko rashin iya aiki, kaifi kuma ya zama shaidar ci gaba. Ma'anar salo ba a jikin gilashi take ba, tana wurin masu kallo da abin da suka taso suna gani.

Sai kuma haske. Kano na kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana tsayawa a ka, inuwa tana da kaifi. Jarumi baƙi sanye da farar shadda a tsakar gida da hantsi yana daga cikin mafi wahalar abin da za a ba kyamara, domin in an bi riga fuska ta nutse, in an bi fuska riga ta ƙone. Akan ce tsohon gilashi na taimakawa, tunda yana ɗaga inuwa. Gaskiya ne yana ɗaga ta, amma da mayafi yake ɗaga ta, ba da bayani ba. Baƙar fata tana fitowa ne ta sheƙi da zurfin launi, kuma mayafin nan na iya mayar da ita toka-toka, kamar ta wanda bai shafa mai ba. Maganin da ya fi inganci shi ne allon mayar da haske a fuska, ko rumfar yadi da za ta tausasa rana. Lokacin hunturu kuwa, hazo ya riga ya shimfiɗa nasa mayafin a sararin sama. Wanda ya ɗora gilashi marar shafe a kan hazon Janairu ya yi abu biyu a wuri ɗaya, hoton sai ya fito ba gishiri. Akasin haka, a cikin soro mai duhu da fitila ɗaya, ko a fitowar waƙa da yamma, tsohon gilashi na iya ba da taushin da babu matacin da zai kwaikwaya daidai.

Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi, wadda ta shafi finafinan tarihi. Daraktan da ke son nuna Kano ko Zazzau ta ƙarni na 19 yana iya ɗaukar tsohon gilashi domin hoton ya yi kama da na da. To, na da ɗin wane ne? Tsofaffin hotunan ƙasar Hausa da ke rumbuna, galibinsu matafiya da jami'an mulkin mallaka ne suka ɗauka, sai kuma majigin da hukumar finafinan mulkin mallaka, wadda aka kafa a 1939 ƙarƙashin William Sellers, ta riƙa yawo da shi. Mutanen da ke cikin labarin ba su ga duniyarsu a dushe ba. Rininsu na da ƙarfi, jan sirdinsu ja ne. Wanda ya kwaikwayi tsohon hoto ba tare da tunani ba yana iya aro idon baƙo ya kalli kakanninsa da shi. Wannan ba ya haramta salon, sai dai ya wajabta wa darakta sanin abin da ya aro, ya kuma ba manazarci abin tambaya.

6.0 Kuɗi, Ƙura da Waya

Tsofaffin gilasan sinima na ainihi sun yi tsada, tunda ba a ƙara ƙera su. Abin da ke hannun mai ƙaramin jari shi ne gilasan kyamarar hoto na da, irin su Helios, Takumar da Canon FD. Suna hawa kan kyamarori marasa madubi da zobe mai araha, domin tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa gajera ce: milimita 18 a Sony E, alhali Canon FD na bukatar 42. Amma ba don fim aka yi su ba. Zoben saitinsu ba shi da haƙoran da mataimaki zai juya, kuma launin wannan ba ya dacewa da na wancan, ta yadda fuskar jaruma za ta yi ɗumi a hoton nesa ta yi sanyi a na kusa. Ga shiri mai dogon zango da ake ɗaukar fitowa da yawa a yini, gyaran wannan bambanci lokaci ne da kuɗi. Tsohon bututu kuma ba a toshe yake ba. Ƙurar hunturu na shiga, damina na kawo fumfuna, zafin Afrilu na narkar da man da ke ciki ya gangaro kan ƙofar haske.

Sannan a ina za a kalla? Shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So sun samu ɗimbin masu kallo ta YouTube, a kan waya, sau da yawa da ƙaramin data. Matse hoto domin intanet yana cinye ƙananan bambance-bambance tun farko. Taushin Panchro da ake yabo a babban allon sinima da wuya ya tsira a allo mai inci 6. Abin da ke tsira shi ne manyan alamomi: tartsatsi, juyin baya, duhun kusurwa, waɗanda su ne suka fi saurin gundura idan an yawaita.

7.0 Gilashin Mai Bincike

Malamai da ɗaliban Hausa su ma suna ɗaukar hoto, a fagen bincike, kuma a nan hukuncin ya fi sauƙi. Wanda ke adana hawan salla, ko zanen bangon gidan sarki, ko shafin rubutun ajami, shaida yake tarawa domin wanda zai zo bayan shekaru 50. Gilashin da ke lanƙwasa layi zai ɓata ma'aunin zanen dagi. Mai dusashe gefe zai cinye wasullan da ke bakin takarda da sharhin da malami ya rubuta a gefe. Wanda ya rine rawaya zai sauya launin baba a marinar Ƙofar Mata, ya kashe shuɗin da ke walƙiya a rawanin ɗan Kura, har mai nazari na gaba ya yi bayanin launin da bai taɓa wanzuwa ba. A irin wannan aiki ana bukatar gilashin zamani, a ɗan tsuke ƙofarsa zuwa 5.6 ko 8 inda kaifinsa ya fi daidaita, a ajiye katin launi da ma'aunin tsawo a hoton farko, sannan a rubuta sunan kyamara da na gilashi da lokacin ɗauka a cikin bayanan da za a adana tare da hoton.